Kwaɗayin Mai Ciki Da Bakin Yaro

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma a filin nan da ka saba ba ni. A makon nan ina so in ɗauko wata magana wadda mu maza mu kan ce ta cikin gida ce, ba ruwanmu da ita, alhali kuwa in an bi ta da kyau za a tarar rabinta a aljihunmu ta ke. Takardu biyu suka jawo ta. Ɗaya daga wani akawu ce a Gummi, yana kuka da cewa tun da iyalinsa ta sami juna biyu ba ta iya ko shiga madafa, naman da kifin da ya ke wahalar sayowa sai ta kau da kai, ta ce a nemo mata tsamiya da ɗanyen mangwaro. Ɗayar kuwa daga wani malamin makaranta ce a Bukkuyum, wanda ɗansa mai shekara 2 ya ƙi tuwo, ya ƙi wake, ba abin da ya ke karɓa sai koko mai sukari, har uwar ta koma yi masa ɗura. Ko wannensu tambayarsa guda: shin wannan shagwaɓa ce ko ciwo?

To, 'yan'uwa, ni a ganina kukan nan biyu tushensu ɗaya, gama bakin yaro daga akushin uwarsa ya ke fara koyon abinci, tun bai zo duniya ba. Akushin nan kuwa, a ƙasarmu ta Anka da Gummi da Bukkuyum, inda matan aure da yawa ba su zuwa kasuwa, maigida ke cika shi, tun da shi ke cefane. Sabo da haka da ku na ke, akawuna da malaman makaranta da malaman zaure, ku da Allah ya ba karatu, ku kuma a ke tambaya in abu ya rikice a unguwa.

Mu fara da mai ciki. Likitoci sun ƙididdige cewa cikin mata 10 masu juna biyu, wajen 7 su kan yi fama da tashin zuciya ko amai. Abin ya kan soma wajen mako na 6, ya yi tsanani wajen mako na 9, sa'an nan ga mafi yawa ya lafa kafin mako na 20. A shekarar 2023 waɗansu masana na Jami'ar Kambirij ta Ingila tare da abokan aikinsu na Amurka suka bayyana babban sanadinsa, watau wani sinadari da a ke kira GDF15. Mafi yawansa daga wajen ɗan tayin da mabiyiya ya ke fitowa, ya shiga jinin uwa, ya je ya taɓa wurin da ke tā da amai a cikin ƙwaƙwalwa. Matar da jikinta bai saba da sinadarin nan ba kafin ta ɗauki ciki, ita ta fi shan wuya. Kun ga ke nan laulayi abu ne da a ke iya auna sanadinsa cikin jini. A watan Disamba na 2012 sai da aka kwantar da matar Yarima Wiliyam na Ingila a asibiti a Landan sabo da aman ciki. In da neman gata ke kawo laulayi, ai wadda ke zaune cikin fada ba ta rasa gata ba.

Abin da mai ciki ta kan ƙi ma ba da ka ta ke zaɓensa ba. A shekarar 2000 waɗansu masana biyu na Jami'ar Cornell a Amurka, Flaxman da Sherman, suka tattara rahotannin da aka rubuta bisa mata dubbai, suka tarar abin da masu ciki suka fi ƙyama shi ne nama da kifi da kaza da ƙwai. A ra'ayinsu wannan wata garkuwa ce, zama abincin nan shi ya fi saurin lalacewa da ɗaukar cuta a wurin zafi, ƙyamar kuwa ta kan zo daidai watannin da a ke halittar gaɓoɓin ɗa. Watau iyalin akawun Gummi ba ita ta fara ba, 'yan'uwanta a wannan hali suna ko'ina cikin duniya.

Ƙin nama na waɗansu makonni ba ya kashe uwa, ba ya kashe ɗa. Inda hatsarin ya ke shi ne gidan da in mace ta ƙi tuwon da aka tuƙa, shi ke nan, sai ta kwana da yunwa, kunya kuma ta hana ta faɗi. Mun san halin 'ya'yanmu mata, balle mai cikin fari, wadda ko sunan cikin ba ta iya ambata a gaban surukai. In maigida ya tambaya sai ta ce, "Ba kome, Malam, na ƙoshi." Shi kuwa ya ɗauka da gaske ne, ya fita zaure abinsa.

Maganin wannan musanya ce. In ta ƙi nama, ga wake, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga awara, ga tafasasshen nono da kindirmo, dukansu masu gina jiki ne. In ƙarnin ɗanyen kifi ke tā da zuciyarta, a gwada busasshe a daka cikin miya. In miyar kuka ta fita ranta, a gwada kwaɗon zogale ko na rama ko na tafasa, ko faten yakuwa, tun da tsami ta ke nema. Abinci mai zafi ya fi tashin ƙamshi, sabo da haka wadda ta kasa cin tuwo da ɗuminsa sau da yawa ta kan sha fura da nono lafiya. Ta ci kaɗan kaɗan sau da yawa a yini, kada a bar cikinta wayam, gama yunwa ma tana ƙara tashin zuciya. Da asuba, kafin ta sauko daga gado, ta ɗan gutsuri wani abu busasshe, kamar hoce ko gurasa. Citta kuma tana taimako, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abin da ta yarda da shi domin laulayi, a ƙa'idodin awon ciki da ta fitar a 2016. In ƙaurin suya da hayaƙin murhu ne abokan gābarta, to, maigida ya yi dabara cikin hikima wata ta riƙe mata girki na ɗan lokaci, ko abokiyar zama ko ƙanwa, ba tare da an mai da abin gori ba.

Amma fa akwai iyaka. In mace ta yini ta kwana ko ruwa bai zauna a cikinta ba, ko fitsarinta ya ƙaranta ya yi ja, ko tana ramewa, ko jiri na kā da ita, wannan ya wuce citta. A kai ta asibiti a ranar, domin ƙarin ruwa ta ke bukata. Kada a tsaya jiran sai an ga abin da gobe za ta yi.

Yanzu me ya haɗa wannan da yaron malamin Bukkuyum? Ɗan da ke cikin ciki yana haɗiyar ruwan da ya ke kwance a ciki, ruwan nan kuwa yana ɗaukar ƙamshin abin da uwa ta ci. A shekarar 2001 wata masaniya, Julie Mennella, da abokan aikinta a birnin Filadelfiya na Amurka, suka ba da labarin gwajin da suka yi da mata 46. Waɗansu aka sa su shan ruwan karas a watannin ƙarshe na ciki, waɗansu a farkon shayarwa, waɗansu kuwa ruwa zalla. Da 'ya'yan suka isa cin abinci aka dama musu kunu da ruwan karas, sai aka ga waɗanda iyayensu suka sha karas ba su yamutsa fuska kamar sauran ba. A 2022 kuma masanan Jami'ar Durham ta Ingila suka duba mata 100 da na'urar hoton ciki, tsakanin mako na 32 da na 36. Waɗanda aka bai wa garin karas, sai aka fi ganin fuskar 'ya'yansu kamar ta mai dariya. Waɗanda aka bai wa garin wani ganye mai ɗaci, dangin kabeji, aka fi ganin ta 'ya'yansu kamar ta mai kuka. Ka ji ikon Allah!

Abin farin ciki a nan shi ne, ƙyamar abinci a farkon ciki ta fi ƙarfi, koyon ɗanɗanon nan kuwa yana ci gaba har ƙarshen ciki da dukan watannin shayarwa, tun da nono ma yana ɗaukar ƙamshin abin da uwa ta ci. Sabo da haka wadda ta ƙi kifi wata 3 ba ta yi wa ɗanta asarar kome ba, muddin in laulayi ya sake ta aka cika mata akushi da iri iri. Wanda ya ke so ɗansa ya tashi yana cin zogale da daddawa da kabewa da wake, to, ya fara sayo wa uwar tun yanzu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, wannan iccen kuwa tun bai tsiro ba.

Idan an haihu, kada a zubar da dakashi. Nonon farin nan mai kauri, wanda waɗansu tsofaffinmu ke cewa a matse a zubar, shi ne rigakafin jariri na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sa'an nan a soma ba shi abinci a kuma ci gaba da nono har shekara 2. Malamanmu ba su bukatar in tuna musu da cewa shekara 2 ɗin nan ita ce wa'adin cikar shayarwa da ya zo a aya ta 233 ta Suratul Baƙara. Zuma kuwa, duk da albarkarta, kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, domin ta kan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin jariri bai isa ya kashe ba.

To, mu zo kan ɗan shekara 2 da ke ture kwano. Ko wane ɗan Adam da son zaƙi da ƙin ɗaci a ke haihuwarsa. Sa'an nan daga wajen shekara 2 zuwa 6 yara su kan shiga wani hali na tsoron baƙon abinci, daidai lokacin da suka iya tafiya su kai hannu ga abin da suka ga dama. A lokacin nan kuma girman jikinsu ya kan rage sauri bisa ga na shekarar fari, cin ma ya ragu. Binciken da aka yi kan tagwaye a Ingila ya nuna babban rabo na tsirfar ci gādo ne, watau wani yaro da ita aka halicce shi. Sabo da haka maigida ya daina ɗora wa uwar laifi yana cewa ita ta sangarta shi.

Amma gādo bai rufe ƙofar koyo ba. Wata masaniyar Amurka, Leann Birch, ta nuna tun 1982 cewa yaro ya kan karɓi abincin da ya ƙi in an yi ta kawo masa shi, sau da yawa sai an kai wajen sau 10. Mu kuwa sau 2 mu ke gwadawa mu yanke hukunci, mu ce wāne ba ya cin wake. A kawo masa yau, in ya ƙi a ɗauke ba faɗa, jibi a sake kawowa. Sannu ba ta hana zuwa. Ya kuma ga manya da yayyensa suna ci da marmari, gama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke ture miyar ganye ya ce a soya masa ƙwai shi kaɗai, kada ya yi mamaki in ɗansa ya gāje shi.

Akwai wani tsohon gwaji da ya kamata ku ji. Wata likita a Amurka, Clara Davis, ta ba da rahoto a 1939 bisa yara 15 waɗanda aka fara da su tun suna sababbin yaye. A kan jera musu abinci a gabansu daga cikin iri fiye da 30, ba a ce ci wannan, ba a ce bar wancan. Wani yaro ya kan nace wa abu ɗaya kwana da kwanaki sa'an nan ya sake, amma dukansu suka tashi lafiyayyu. Asirin abin kuwa a faifan ya ke: ba alewa a kai, ba sukari, duk abin da yaro ya kai wa hannu mai amfani ne. Aikin babba ke nan ya zaɓi abin da za a ajiye, yaro kuma a bar masa yawan da zai ci. Wanda ya cika cikin ɗansa da alewa da biskit da lemon kwalba a bakin kanti da la'asar, sa'an nan ya zo yana faɗa don ya ƙi tuwo da magariba, ai shi ya kashe kasuwar tuwon.

Ɗura kuwa, ina roƙon iyayenmu mata su bar ta. A danne yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa kunu yana kuka, wannan ya kan sa kunun ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, ya zama ciwon haƙarƙari, wani lokaci ma yaro ya shaƙe nan take. Wanda ya tsira kuma ya koyi cewa kwano abokin gāba ne. Kokon ma da a ke ɗurawa, mafi yawansa ruwa ne, cikin yaro kuwa ƙarami. Gara a dama masa kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga ludayi da sauri, a sa masa garin gyaɗa ko na waken suya ko dakakken kifi, da ɗan manja ko man gyaɗa. Daga wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 zuwa shekara 2 sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ba shi kwanonsa dabam, domin in an haɗa shi akushi ɗaya da yayye, kafin ya kai loma 2 sun share, ba wanda zai san abin da ya ci. Maganar nan kuma ta cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata, ba ta da tushe. Da damina ƙwan zabo ya kan yawaita a kasuwanninmu. A dafa shi ya dahu sosai a ba yaro, a ba mai ciki in ranta ya karɓa.

Akwai inda kukan akawu da na malamin makaranta su kan haɗu cikin ɗaki ɗaya, watau in mace ta yi kwanika. Ga ta da laulayi ba ta iya tsayawa a murhu, ga ɗan goyo a baya. Al'adarmu sai a ce nonon ya ɓaci, a yaye yaro rana ɗaya, a shafa wa nono abu mai ɗaci, a kai shi gidan kaka. Yaron da bai saba da kome ba sai nono, a raba shi da nonon da uwar gaba ɗaya, ina zai ci tuwo? Nonon mai ciki ba dafi ba ne. Ya kan ragu, ɗanɗanonsa ya kan sake, amma ba ya cutar da yaro. A yaye shi sannu sannu bayan ya saba da kwano. Wata likita Baturiya, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta bayyana ciwon kumburin yara a 1933, kāna a 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ankara ke kiransa, kwashiwoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Mu tamowa mu ke cewa. Yaron da ke tsirfar ci amma yana wasa yana ƙiriniya, lafiyarsa lau. Wanda ya ƙi kome da kome, ya yi lakwas, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, wannan asibiti za a kai shi. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan tsiri na awon damtse, in damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ce mai tsanani, tana kuwa da magani.

Duk abin da na faɗa har yanzu haƙuri ne da lallashi. Saura kwaɗayi guda wanda ba a lallashinsa, musamman a wannan ƙasa tamu, shi ne cin ƙasa. Mun san masu ciki da yawa su kan ɓantari bangon ɗaki, ko ƙasar suri, ko farar ƙasar da a ke sayarwa a kasuwa, su ci a ɓoye, balle in an yi yayyafi ƙamshin ƙasa ya tashi. Likitoci sun tarar wannan kwaɗayi ya fi kama masu ƙarancin jini. Ƙarancin jini kuwa ba baƙonmu ba ne. Ƙidayar lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ta nuna kashi 61 cikin 100 na masu ciki suna da shi, haka kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, a jihar Zamfara kuwa na yara ya kai kashi 84. Farar ƙasar nan ta kasuwa, hukumomin abinci na Ingila da Amurka sun yi gargaɗi a kanta sabo da an sami dalma a ciki. Mu kuwa ba mu bukatar a zo daga Turai a gaya mana abin da dalma ke yi.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar ƙananan yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙasar Bukkuyum da Anka, da amai da jijjiga, maganin zazzaɓi kuwa ba ya yi musu kome. Da aka aika da jininsu Turai aka auna, sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen zinarin da a ke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa. A kan kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida, ƙurarsa ta gauraye da ƙasar da yara ke rarrafe a kai. 'Yargalma da Tungar Guru, Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega, sunayen nan ba wanda zai manta da su a cikinmu. Ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun bi gidaje 119 a ƙauyuka 2, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara guda. Jimlar yaran da aka rasa ta haura 400. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a samu yi mata ba sai 2013, aka kuma yi wa dubban yara magani kafin MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022.

Abin lura shi ne, ta baki gubar nan ta fi shiga. Yaro ƙarami kome ya samu baki ya ke kaiwa, hanjinsa kuma yana tsotse dalma ninki 4 ko 5 bisa ga na babba, ya fi tsotsewa kuwa in cikinsa wayam ne ko jininsa ya yi ƙaranci. Ga babba, dalma ta kan kwanta cikin ƙashi shekara da shekaru, sai mace ta sami ciki ta sauko cikin jini, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗa, ta jawo ɓari ko haihuwar bakwaini ko ɗan da bai cika nauyi ba. Yaron da ya tsira da ransa kuma ta kan taɓa masa ƙwaƙwalwa, taɓawar da ba ta gyaruwa, ku malaman makaranta ku za ku gan shi a aji yana fama da abin da sa'o'insa suka wuce. Har ma rashin cin abinci da ciwon ciki da taurin bayan gida suna cikin alamunta na farko, sabo da haka yaron gidan mahaƙa in ya daina ci, kada a ce tsirfa ce, a kai shi a auna jininsa.

Ƙasar da aka kankare ba ta zama da tsabta in an sake kawo dutse gida. Turmin da ya daka dutse kada ya daka gero, injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa dawa. Hatsi a shanya shi bisa tabarma, kada a zuba a ƙasa tsirara. Wanda ya dawo daga wurin haƙa ya tuɓe kayan aiki a waje, ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa. Yaro kuma a wanke masa hannu da sabulu, a zaunar da shi bisa tabarma ya ci abincinsa. In kuwa maigida ya gane iyalinsa na cin ƙasa, kada ya yi mata tsawa, gama tsawa ɓoyo kaɗai ta ke koya wa mutum. Ya kai ta awon ciki a duba jininta, a ba ta ƙwayar ƙarin jini ta ko wace rana, sau da yawa in jinin ya dawo kwaɗayin ya kan ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awon nan ya kai sau 8 kafin haihuwa. In ƙwayar na tā da mata zuciya, ta sha da dare bayan ta ci abinci. Kada ta kora abinci da shayi, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, gara gwaiba ko lemo ko garin 'ya'yan kuka, su suna taimakonsa. Bakin da ke neman abin gurgura kuwa a ba shi aya ko soyayyar gyaɗa.

Na sani zamanin ya yi tsanani, gonaki da yawa a ƙasarmu 'yan bindiga sun hana zuwa, cefane kuma ya yi tsada. Shi ya sa ban ambaci kome ba sai abin da ke cikin kasuwar ƙauye ko bayan ɗaki. Itacen zogale guda a tsakar gida ba ya cin kuɗi, mudun wake kuwa in an raba shi da dabara ya kan kai mako. Abin da ya fi tsada a cikin maganar nan duka shi ne maigida ya zauna ya tambayi iyalinsa abin da ranta ke so da abin da ya ke ƙi, ya kuma jira amsar gaskiya bayan "ba kome" ta fari.

Ina roƙon ko wane mai karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda a zaure, malamai kuma su sa ta cikin nasiharsu ran suna, inda maza ke taruwa. Wanda ya san wani abinci na gargajiya da masu laulayi ke karɓa a garinsu, ko wata dabara ta sa ɗan yaye ya ci ba da ɗura ba, ya rubuto wa Edita domin sauran jama'a su amfana. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya bisa alheri, amin.